Ambulan Baba a Buhun Citta

A wata unguwa a Kafanchan akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, mai yawan tambaya. Tana zaune da babanta, Malam Dogara, da ƙanwarsa Anti Miriyam. Mamanta ta rasu bara. An kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Har yau zanenta na zumuntar matan coci yana rataye a bayan ƙofa.

Shekara shida ke nan Baba yana fama da ciwon baya, tun da ya faɗi da babur a hanyar Fadan Kagoma. Ya sha magani. An yi masa allurai. Ciwon ya ƙi tafiya.

Wata rana ya dawo daga Jos da babbar ambulan. A ciki akwai hoton ƙashin bayansa da takardar likita.

"Baba, me likita ya ce?"

"Ya ce akwai wata 'yar na'ura, uwata. Ana saka ta a ƙarƙashin fata. Tana aika wuta kaɗan kaɗan zuwa jijiya, sai zafin ya ragu."

"Wuta a jikin mutum? Daga ina?"

"Daga batir."

"Batir irin na tocila?"

"Ke dai da tambaya," in ji Anti Miriyam. "Bar shi ya huta. Ranar Talata zai koma da ambulan ɗin, a fara gwaji."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta juya, ta juya, ta tsaya cak. Rediyo ya yi shiru. Yarinyar ta dubi fankar, ta dubi Baba. Idan aka saka masa batir ya ƙare fa? Shi ma zai tsaya ke nan, kamar Mama?

Wannan tambayar ce kaɗai ba ta yi ba.

Ranar Litinin ta ɗauki ambulan, ta shiga sito, ta cusa ta cikin buhun busasshiyar citta.

Da safe aka birkice gida da nema. An duba ƙarƙashin katifa, an duba cikin Littafi Mai Tsarki. Motar Jos ta tafi. Da Baba ya buga waya asibiti, aka ce sai bayan wata guda, kuma ya zo da hoton.

A makon nan ciwon ya tashi sosai. Ranar Lahadi Baba bai iya zuwa coci ba. Da yarinyar ta dawo, ta same shi kwance a siminti. Kofin ruwa yana kusa da shi, amma ya kasa miƙa hannu.

Ta ba shi ruwan. Ta fita. Ta dawo da ambulan, sai ƙamshin citta take yi.

"Baba, ni na ɓoye."

Ya dube ta. "Don me, uwata?"

"Kada batir ya ƙare ka mutu." Sai ta fashe da kuka.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce wa Anti Miriyam ta kira Sista Edna, maƙwabciyarsu mai aikin jinya.

Sista Edna ta zauna a kan benci. "To, mai tambaya, yi duka. Ina ji."

"In batir ya ƙare, Baba zai tsaya?"

"A'a. Zuciyarsa ba da batir take aiki ba. Ciwon ne kawai zai dawo, sai a yi caji ko a canza."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Ba ruwansa. Ba za a jona babanki a bango kamar firiji ba."

Baba ya yi dariya har ya riƙe baya.

"Zai warke duka?"

"Ba lallai ba. Wasu yana taimaka musu, wasu ba ya yi. Shi ya sa ake gwaji na 'yan kwanaki kafin a yanke shawara."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri. Na ƙara maka wata guda na ciwo."

"Na yafe. Ni ma ina jin tsoro, da kin tambaye ni da na gaya miki."

Da ranar ta zo, tare suka tafi Jos. Ita ta riƙe ambulan a cinyarta, da takarda mai tambayoyi tara. Likita ya buɗe ambulan, ya yi atishawa sau uku.

"A ina kuka ajiye wannan?"

"Uwata za ta ba ka labari," in ji Baba.

Likita ya amsa tambayoyin nan tara. A kwana na uku na gwajin, Baba ya raka ta makaranta da ƙafa, a hankali, har bakin ƙofa.

Daga ranar ta gane cewa idan abu ya ba ka tsoro, kada ka ɓoye komai. Ka tambayi manya.