Mutum-mutumin Aji Biyar

Ranar da Shiuli ta fara ganin Arefin, tsaye yake a ƙofar ajin da take koyarwa a Tongi, garin masana'antun ɗinki, rungume da kwali cike da tayoyin roba, batura da ƙananan injina. Injiniya ne a wani kamfanin ɗinki. Hedimasta ne ya gayyato shi ya nuna wa yara yadda masana'anta ke ƙera kaya da yawa cikin ɗan lokaci.

"Apa, ba ni aron ɗalibanki na awa biyu," ya ce yana murmushi. Apa, wato yaya, haka ake kiran malama a can.

"Ka dai dawo min da su lafiya."

Ya raba yaran gida biyu. Rukunin farko kowa ya haɗa mutum-mutuminsa shi kaɗai. Na biyu suka jeru a layi, wannan ta sa taya, wancan ya ɗaura batir, ta ƙarshe ta manna idanu. Kafin a buga ƙararrawa 'yan layi sun gama goma sha huɗu, ɗaya rukunin huɗu kacal.

Ana cikin tafi, Tumpa mai manna idanu ta ɗaga hannu.

"To, wanne ne nawa?"

Arefin ya dubi mutum-mutumin ɗaya bayan ɗaya, ya shiga tattara kayansa.

Da Shiuli ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Iyayen yaran nan duk a layi suke aiki. Mahaifiyata shekara goma sha tara tana ɗinka wuyan riga, wuya kawai. Me ka koya musu yau?"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Tambayar Tumpa ta hana ni cin abinci. Ki taya ni neman amsarta."

Ta rubuta masa: "Alhamis, bayan an tashi. Kai za ka sayi shayi."

Alhamis ɗaya ta zama goma. Kafin damina ta wuce ya koma kiranta Furena, ita kuma Injiniyana.

Sai dai mahaifiyarta, wadda take kira Ammu, ko sunansa ba ta son ji.

"Irin masu tsayawa a bayanmu da agogo suna lissafa numfashinmu? Ban ba su 'yata ba. Ga Sabbir mai shagon magani nan, sau biyu yana aiko mutanensa."

Bayan nan Arefin ya ɗauke ƙafa. Alhamis uku Shiuli na zaune wurin mai shayi ita kaɗai. Zuciyarta ta gaya mata ya gudu.

"Idan ka fasa, faɗa min da bakinka," ta tura masa.

"Ban fasa ba, Furena. Tambayi Ammu inda nake zuwa."

Ashe gidansu yake zuwa. Ranar farko Ammu ta bar shi tsaye a waje. Ta biyu ta ba shi kujera. Ta uku ya kira ta Khala, wato inna, ya ce, "Khala, ni layi na karanta a littafi, ke kika zauna a kansa. Ki zo ki koya wa yaran."

Ta zo ajin. Ta sa kowane yaro ya riƙa sauya wuri bayan minti biyar, har ya taɓa kowane aiki. A ƙarƙashin kowane mutum-mutumi aka rubuta sunayen duk waɗanda suka sa masa hannu. An samu tara kawai, amma Tumpa ta ga sunanta sau tara.

"Kai mai agogo, zauna ka ɗaura taya," in ji Ammu.

Ya zauna, tayar ta suɓuce masa sau uku, yara na ta ƙyalƙyata dariya. A nan Shiuli ta ga mahaifiyarta ta kau da kai tana ɓoye murmushi.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Da za a tafi da amarya, Ammu ta haɗa hannayensu cikin nata masu kanta, hawaye na zuba.

"Allah bai ba ni ɗa namiji ba sai yau. Ku je, Allah ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Ammu," in ji Arefin.