Bugu Na Biyar A Rami Na Bakwai

Ranar da za a yi gasar golf ta yaran unguwa, tun da sassafe Tsinke take durƙushe a gaban baho tana wankin tawul ɗin kulob ɗin golf, sabulu ya ci 'yan yatsunta har sun tsattsage, duk matsar da za ta yi sai ta cije leɓe. Gwaggonta ce ke da aikin wankin a kulob, ita ake kira mai wanki, ita ake gode wa, amma hannun da ke shiga ruwa na Tsinke ne, marainiyar ƙanenta 'yar shekara goma sha biyar da ta ɗauko riƙo. Lele kuwa, 'yar Gwaggo ta cikinta, tana ɗaki ana shafa mata mai a kafaɗa, wai kada hannu ya yi mata tsami a wajen wasa. Allah sarki, kamar ita Tsinken ba da hannu za ta buga nata wasan ba!

Mahaifin Tsinke shi ne mai yanka ciyawar filin har shekara ashirin, kuma bai taɓa buga ƙwallo ko ɗaya a kai ba, don a lokacin mutanen unguwar bayan katanga ta tsagar ƙofa suke kallon wasan. Wata tsohuwar sanda da aka jefar ya tsinta, ya rage mata tsawo, ya naɗe mariƙinta da robar taya, ya koya wa 'yarsa bugu a bayan gida. Kullum yakan ce mata, "Wannan wasa babu alƙalin da zai bi ki cikin ciyawa. Ke za ki faɗi laifinki da bakinki." Da ya rasu, Gwaggo ta karɓi aikin wanki albarkacin sunansa, ta cire yarinyar daga makaranta, ta ce ai karatu ba ya guduwa.

Bara ne wata mai koyar da wasan, wadda yara ke kira Malama, ta matsa wa manyan kulob har suka yarda a riƙa buɗe ƙofar baya duk Asabar, yaran unguwa su shigo su koya da sandunan da aka ba su kyauta. Tsinke ce ta fara shiga, ita ta jawo Lele da magiya, ta gyara mata riƙon sanda, ta ba ta safar hannu ɗaya tilo da ta samu, don ko a mafarki ba ta ɗauki Lele komai ba sai yayarta. To, gasar yau gurbi ɗaya ne a cikinta: wadda ta zo ta ɗaya za a kai ta makarantar kwana inda ake karatu ana kuma horar da wasa. Ga Tsinke, wannan ce kaɗai ƙofar komawa aji.

A wasan golf wanda ya sa ƙwallo a ramukan filin da mafi ƙarancin bugu shi ke cinyewa, kuma ba ka rubuta wa kanka. Abokin zagayenka ne ke riƙe katinka yana rubuta bugunka rami bayan rami, a ƙarshe ka duba ka sa hannu. Wanda ya miƙa kati da lambar da ta gaza abin da ya buga, ya fita daga gasa. Da aka haɗa Tsinke da Lele zagaye ɗaya, sai Tsinke ta ji sanyi a ranta, ta ce ai katinta na hannun gida.

A rami na bakwai ƙwallonta ta faɗa cikin doguwar ciyawa a gindin bishiyoyi, Lele na can ɗaya gefen filin kusan taku hamsin. Tsinke ta sunkuya ta ɗauke wani busasshen reshe, sai ƙwallon ta ɗan mirgina, motsin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Babu idon da ya gani. Dokar wasa ta ce wanda ya motsa ƙwallonsa ya mayar da ita, ya ƙara wa kansa bugu ɗaya. Ta tsaya, ta tuna makaranta, ta tuna baho... sannan ta mayar da ƙwallon inda take, ta ɗaga murya.

"Yaya, ƙwallona ta motsa. Ki ƙara mini ɗaya."

Da bugu huɗu ta jefa ƙwallon a rami, da na hukunci ya zama biyar, ta ga Lele ta rubuta biyar da ɗan guntun fensirin da ake rabawa, irin wanda ba shi da abin gogewa. Duk da haka, da aka gama zagaye Tsinke ce a gaba, Lele na biye da ita. Tsinke ta duba katinta ta sa hannu cikin murna, sai Lele ta rungume ta ta ce, "Kawo in jefa miki a akwatin tara kati, ke je ki wanke hannunki, dubi jini." Tsinke ta miƙa mata, har da cewa na gode.

Ba a yi rabin awa ba aka kira ta ofis. Shugaban kulob na zaune da katin a gabansa, Malama na tsaye, Lele kuwa na kuka kamar an yi mata mutuwa. A gurbin rami na bakwai an goge lamba an rubuta huɗu.

"Biyar na rubuta," in ji Lele tana shessheƙa. "Ta karɓi katin wai za ta duba, ta juya baya... Ƙanwata ce, ina son ta, amma ba zan iya rufa wannan ba."

"Yaya?" Abin da ya fito daga bakin Tsinke ke nan. "Yaya, ni? Ai ke kika..."

"Nawa kika buga a rami na bakwai?" Shugaba ya katse ta.

"Biyar, ranka ya daɗe."

"To, ga huɗu, ga sa hannunki." Ya ture katin gefe, ya dubi Malama. "Tun farko na faɗa miki. Wannan wasa na masu mutunci ne."

Aka cire sunanta, aka ba Lele gurbin, aka ce ƙofar baya ta rufu sai an sake shawara. Abin da ya fi cin ran Tsinke ba maganar Shugaba ba ce, kallon Malama ne, matar da ta tsaya musu tsayin daka, ta dube ta ido cike da ƙwalla ta ce, "Da kowa ne sai in ce ƙuruciya. Ban zaci ke ba."

A gida Gwaggo ta fito tsakar gida ta tara maƙwabta da ihu, wai an zubar mata da mutunci a wurin aiki, wai ta riƙi macuciya da hannunta. Ta shiga ta ɗauko tsohuwar sandar nan mai mariƙin roba, ta ɗora a dokin ƙofa ta taka har ta karye biyu. Tsinke ta zube ƙasa tana tattara gutsattsarin tana cewa, "Gwaggo, ta Babana ce... ita kaɗai ya bar mini..." amma ko kallonta ba a yi ba. Unguwa ma ta juya mata baya, don yara talatin ne aka rufe wa ƙofa saboda ita. Waɗanda jiya-jiya take gyara wa tsayuwa, yau in ta wuce da ƙunshin tawul sai su bi ta suna kirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, su fashe da dariya.

Wata rana da hantsi ta sami Lele ita kaɗai tana jera kayan makaranta a sabuwar jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ba gurbin nake tambaya ba. Me na yi miki?"

Lele ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke kin saba da wahala, Tsinke. Ni ban saba ba."

Wannan amsa ta fi karyewar sanda ciwo. Tsinke ta koma bayan gida inda mahaifinta ya koya mata bugu, ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ɗaga hannuwanta masu tsaga ta ce, "Ya Allah, Kai kaɗai Ka ga abin da ya faru a cikin ciyawar nan. Ban roƙe Ka makaranta ba, Ka wanke mini sunan Babana."

Ashe ba a rasa ɗan Adam a kusa ba. Akwai wani dattijo, Baba Mai Inji, abokin aikin mahaifinta, wanda ranar gasar injin ban ruwa ya lalace masa a bayan bishiyoyin rami na bakwai, yana tsugune yana gyara. A yammacin ranar ciwon ƙafa ya kwantar da shi asibiti, bai dawo ba sai bayan mako uku, saura kwana biyu Lele ta tafi. Ya ci karo da Tsinke a ƙofar baya ɗauke da tawul, ta ƙara ramewa, sunan nata ya bi ta da gaske.

"'Yar abokina, yaushe za a tafi makarantar? Ko kin fara yi mana girman kai?"

Ta ajiye ƙunshin ta fashe da kuka. Da ya gama jin labarin, sai ya ɗingisa kai tsaye ofishin Shugaba, ya ce ba zai taɓa ciyawa ba sai an tara kowa.

Aka tara su, har da Gwaggo. Baba Mai Inji ya cire hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya boko ba, amma na iya kirge. Ina bayan bishiya ranar, sau huɗu na ji ƙarar sandar yarinyar nan a rami na bakwai. Ina na biyar ya fito?"

"Ƙwallonta ce ta motsa a ciyawa," Lele ta yi saurin cewa.

"Madalla. Kin ga motsin?"

"Na... na gani."

"Daga ina? Kina can ƙetare, taku hamsin, ciyawa ta kai gwiwa. Ni da nake taku goma ban gani ba. Muryarta na ji tana cewa, Yaya ki ƙara mini ɗaya." Ya juya ga Shugaba. "Da ta yi shiru, huɗun nan halal ce a idon kowa. Wanda ya kai ƙarar kansa inda ba mai ganinsa, shi zai dawo ya sace abin da ya bayar da bakinsa?"

Malama ta ɗauki katin ta kai jikin taga, ta ce, "Fensirinmu ba shi da abin gogewa, kuma Tsinke shekararta biyu ba ta riƙe jakar makaranta ba. Lele, wa ya jefa katin nan a akwati?"

Lele ta dubi uwarta, ta dubi ƙofa, sai ta rushe da kuka na gaske a wannan karon. "Umma ce ta sa mini abin gogewar a aljihu... ta ce in Tsinke ta tafi, wa zai yi wanki..."

Nan take aka karɓe aikin wankin daga hannun Gwaggo, aka soke gurbin Lele, aka haramta mata filin. Kafin su isa gida labari ya riga su, maƙwabtan da Gwaggo ta tara da ihu su ne suka tsaya a ƙofofinsu suna kallonta, ba wanda ya amsa sallamarta.

Shugaba ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa ɗan unguwa ba, ya ce, "Yarinya, na ce wasan na masu mutunci ne. Ban yi ƙarya ba, wurin neman mutuncin na kuskure. Ki yafe mini." Malama kuwa rungume ta ta yi tana kuka tana cewa ita ce ta fi kowa laifi, don ita ta fi kowa saninta. Aka kawo sabon kati aka cike, aka sa biyar a rami na bakwai, aka haɗa lissafi, har yanzu Tsinke ce a gaba da bugu ɗaya. Ta sa hannu, ta tashi da kanta ta jefa shi a akwati.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka sake buɗe ƙofar baya, yara talatin suka shigo suna sunne kai, Tsinke ta gyara wa kowannensu tsayuwa kamar ba abin da ya faru. Washegari Baba Mai Inji ya raka ta tasha a madadin abokinsa, ya miƙa mata wani abu a naɗe cikin takarda. Tsohuwar sandar ce, ashe ya je ya ɗauko gutsattsarin a gida, ya ɗaure karayar da waya, ya sake naɗe mariƙin da robar taya.

"Ba za ta ƙara bugawa ba," in ji shi, "amma ki tafi da ita."

Tsinke ta rungume ta a ƙirji, hawaye na zuba a kan robar, ta ce, "Baba, da na yi shiru ranar nan, da ba wanda ya isa ya wanke ni."

"Mahaifinki ya ce da bakinki za ki faɗi laifinki, kin kuwa faɗa," in ji dattijon, yana share ido da hularsa. Mota ta tashi, ta bi ta gefen katangar filin, Tsinke na kallon ciyawar da babanta ya yanka shekara ashirin har ta ɓace mata.