Sifilin Da Ya Kwantar Da Baba

Ranar da ta fara zuwa teburinsa, waya ta dire masa a gaba tun kafin ya amsa sallama. Ita ce sabuwar mai gwajin manhajoji a kamfanin. Shi kuwa shi ya rubuta laburaren, wato tarin umarnin kwamfuta da ke sa abubuwa motsi a allon waya.

"Duba manhajar auna sukarin jini," in ji ta. "Idan ba a faɗa wa laburarenka inda allurar da ke nuna awo za ta tashi ba, sai ya ɗauka sifili ne. Allura ta faɗo ƙasa, sannan ta hau."

Ya kalli allon, ya kalli idanunta. A nan ya fi daɗewa.

"Ƙiftawar ido ce fa. Haka kowa ke yi."

"Wannan maganar ce ta hana mu ci gaba!"

Ya sa mata 'Yar Rigima, ta sa masa Malam Sakaci. Cikin wata biyar sunayen suka zama na shagwaɓa, gyara kuwa shiru.

Abin da bai taɓa tunani ba shi ne tsohuwar waya. A ta mahaifinta mai ciwon sukari, allurar ta maƙale a sifili. Tsoho ya firgita, ya ɗirki ruwan sukari kofi biyu, aka kwantar da shi asibiti.

"Kai ne mai sifilin?" Baba ya tambaye shi daga kan gado. "Wanda aka gaya wa gaskiya ya ɗaga kafaɗa, ba zan ba shi 'yata ba."

Ta nemi a mayar da ita wani sashe. Kullum sai ya ɗago kai ya ga kujerarta babu kowa. Ko masifarta yake marmari.

Ya rubuta mata: "Zuciyata, ko zagi ne ki turo, in dai daga gare ki ne."

Sai bayan kwana huɗu ta amsa: "Ina kewarka har abinci ya daina min daɗi. Amma ba ni za ka lallasa ba. Gyara."

Ya tattaro tsofaffin wayoyi takwas, ya sake rubutun: in babu mafari, a duba inda allura take, ta tashi daga nan. In ba a sani ba, kada ta motsa, a nuna awon kawai. Sannan ya sanar da duk masu amfani da laburaren cewa kuskuren nasa ne.

Ya durƙusa gaban Baba ya miƙa wayar. Tsoho ya sa tabarau, ya danna sau goma, ita kuma tana bayan labule.

"Fito, na ga ƙafarki," in ji Baba.

Ranar ɗaurin aure ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma ɗana, in ta yi magana ka ji da wuri. Ni dai ba zan sake kwanciya dominka ba."