Ranar da Za a Rushe Madafa

Sufeto Imrana Lawal yana shirin fita cin abincin rana sai ga mutum uku sun shigo caji ofis na Jibiya. Na gaba sanye da shadda, na biyu ya yi fari fat da siminti, na ukun kuwa an riƙo masa wuyan riga.

"Yallaɓai, sata aka yi a gidanmu da rana tsaka," in ji mai shaddar. "Sunana Abdulrazak Ya'u. Daga Kaduna na zo in gyara wa mahaifina madafa. Wannan Mudathir ne, maginin da na ɗauko daga Ɗan Isa ta Nijar. Wannan kuma leburansa ne, Nagoggo."

"Me aka ɗauka?"

Mudathir ya share gumi. "Diga, da gudumomi, da injin yankan tayil. Injin nan aro ne, yallaɓai. In na tsallaka iyaka ba shi, mai shi jandarma zai haɗa ni da su."

"Kai Nagoggo, ina kake lokacin?"

"Masallaci."

"Wa ya ja sallar?"

Nagoggo ya kalli ƙasa. Sufeto ya ce a ajiye shi bayan kanta, ya ɗauki hularsa.

Gidan tsoho ne, na ƙasa, a bayan kasuwa. Madafar tana can ƙarshen tsakar gida. An riga an yaye rufin, an tumɓuke murhu, saura bango huɗu da hayaƙi ya mayar baƙi. Yau ne za a soma rushe su.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Ga buhunan siminti a jere. Ga sabon murhun gas ko fitar da shi daga kwali ba a yi ba.

"Ba a taɓa waɗannan ba?"

"Ko ɗaya," in ji Abdulrazak.

"Ɓarawo ya bar abin da zai sayar kafin magariba, ya ɗauki tsohuwar diga?"

Sufeto ya juya ya koma wajen ƙofar gida.

A zaure ya tarar da maigidan, Alhaji Ya'u, dattijo siriri, yana jan carbi. Sufeto ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, an fita da kaya ta nan?"

"Ni ban ga an hita da komi ba, ɗana. Wallahi ko allura ba ta bi ta ƙohwar ga ba."

"Kana nan tun azahar?"

"Ina nan... kusan ina nan."

"Kana son aikin da ɗanka yake yi?"

Tsohon ya juya carbinsa. "Yaron nan ya yi ƙoƙari. Allah shi yi mashi albarka."

Da suka fito, Sufeto ya tambayi Abdulrazak ko shi ne ɗan fari.

"Ni ne. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son wani abu a wurina, Gwaggo yake aikowa."

Gwaggo Rabi'a ƙanwar Alhaji ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa Aishatu. Suka same ta kwance a tabarma, ɗakin duk ya cika da warin man zafi.

"Sannu Gwaggo. Jiki ne?"

"Ƙugu ne, ɗan nan. Tun sahe nike kwana, ban san mi ake ciki ba."

"Allah ya sawwaƙe. An sace wa magini inji."

"Oh'oh! Wannan jan abu mai nauyin tsiya?"

"Kin taɓa ɗaga shi ne, Gwaggo?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Gani na yi da ido."

Mudathir ya raɗa wa Sufeto cewa yau da safe ya kawo injin a cikin buhu, bai ko kwance shi ba.

Sufeto ya koma tsakar gida ya sunkuya. Sawun tayar baro ya fito daga madafa, ya nutse a yashi saboda nauyi. Bai nufi zaure ba. Ya yi bayan gida, yana karkacewa hagu da dama kamar mai turawar yana tsayawa hutu. Ya ƙare a ƙofar ɗakin harawa, inda awaki suka taru suna kuka, ga kwaɗo a ƙofar.

"Ana kulle ɗakin nan?"

"Ba a taɓa ba," in ji Abdulrazak. "Ai wannan kwaɗon madafa ne."

"Wa ke riƙe da makullinsa?"

"Ni."

Suka waiwaya. Alhaji Ya'u ne tsaye da sandarsa, makulli a tafin hannu. Mudathir ya buɗe, ya yaye harawa. Ga diga, ga gudumomi, ga injin a buhunsa.

"Ni na ɗauka," in ji tsohon. "Rabi taimaka mani kawai ta yi. Ka bar ta."

"Ƙarya ne!" Gwaggo ta fito tana dafe da ƙugu. "Ni na ba shi shawara. In ɗauri ne a haɗa mu."

"Baba, me ya sa?" Sufeto ya tambaya a hankali.

Tsohon ya wuce madafa, suka bi shi. Ya tsaya gaban bangon gabas, ya sa gefen rigarsa ya goge baƙin hayaƙi. Sai ga shatin yatsu a jikin yaɓen, layi bisa layi, tun daga ƙasa har iya inda hannun gajeriyar mace zai kai.

"Shekarar da ruwa ya kada bangon ga ina hwataucin shanu a Maraɗi. Marigayiya ita ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe shi da hannunta, da tsohon ciki." Ya nuna Abdulrazak da haɓa ba tare da ya dube shi ba. "Cikin wanga. Nan nike shan koko kullum. Na ce in aka rasa diga, ƙila a ɗaga kwana biyu, in ƙara ganinshi."

Abdulrazak ya durƙusa. "Baba, ai da ka faɗa mini."

"Ka baro aikinka ka zo ka yi mani alheri, in ce maka a'a?"

Mudathir ya yi gyaran murya. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne.

"Alhaji ƙarami, bangon nan da sauran ƙarfinsa. Sai in ɗaure shi da bulo ta baya, in rushe ukun. Tayil ya tsaya daga gefe."

"Yi haka," in ji Abdulrazak. "Ko fenti kada a sa masa."

Sufeto ya gyara hula. "To Baba, saura magana ɗaya. Akwai mutum a bayan kanta saboda kai. Ƙaryar masallaci ya yi mini, amma ba ɓarawo ba ne."

Gwaggo ta yi tsaki. "Tasha ya tahi wajen mai awarar da yake nema. Duk unguwa an sani."

Fuskar tsohon ta canza. "An kulle Nagoggo? Mai 'ya'ya, marayun uwa? Innalillahi! Ba wanda ya hwaɗa mani." Ya miƙa wa Sufeto hannuwansa biyu. "Mu tahi. Da bakina zan roƙe shi gahwara, gaban mutane."

"Ba sai da ankwa ba, Baba."

Sufeto ya riƙe masa gwiwar hannu har bakin mota, ya buɗe masa gidan gaba. Tsohon ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tsaya, ya juyo.

"Abdulrazak."

Gwaggo ta toshe baki. Ɗan ya daskare a ƙofar zaure.

"Na'am, Baba?"

"Zo ka raka ni."