Kwanon Bayan Ƙofa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Delu, gyara zama, ki bar wa ƙaninki wuri a tabarma. Kowa ya yi bisimilla a ransa. To.

Ba ku riski Lantana dillaliya ba. Ni na gan ta ina ƙarama, tana zuwa wajen Gwaggo. Doguwar mace ce mai zafin rai. In ta fara faɗa, ko kare sai ya canja hanya. Sana'arta sayen tsofaffin kayan jere: tasa, langa, farantan tangaran, da kofunan gilashi irin waɗanda alhazan da suke zuwa da su. Ta bi ƙauyuka ta saya, ta kai birni wajen wani Alhaji Mati, shi kuma ya sayar wa masu hali su ƙawata falo da abin da kakanninsu suka ci tuwo a ciki.

Ta iya aikinta, wannan ba a ƙwace mata ba. In ta ɗauki kofi, sai ta ɗalle shi da farce ta kai kunne. Mai lafiya yana jan ƙara, mai tsaga kuwa ƙararsa a mace take. Ta zagaya bakinsa da yatsa ko akwai ɓantara. Ta ɗaga shi ga rana, in ta ga 'yan kumfa a cikin gilashin, ta san tsoho ne. Ta juya gindinsa ta ga ko zama ya cinye shi. Murfi kuwa sai ta gwada shi, don kwano da murfin wani rabin kuɗi ne.

Wata rana ta ji an yi rasuwa a wani ƙauye da ke bayan tsohuwar marina. Wata tsohuwa ce, Inna Barmani, wadda jerenta ya yi suna. Ɗanta Sallau ya zo daga birni. Ku ji rashin ta ido, ko sadakar bakwai ba a yi ba, mutumin nan ya aika a kira dillaliya. Tabarmar gaisuwa na shimfiɗe a zaure, shi yana ɗaki yana sauke kwanukan uwarsa. Tir.

Lantana ta zauna tana dubawa. Can idonta ya kai bayan ƙofa. Wani kwano ne a ƙasa, shi kaɗai. Na gilashi, kore shar, da murfinsa. Ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Ta ce, "Wancan fa?"

Sallau ya ce, "Haɗa da shi. Washegarin rasuwa na tsince shi a bakin ƙofa, cike da tuwo. Ban san mai shi ba."

"Tuwon fa?"

"Na juye wa awaki. Ni zan ci abin da ban san hannun da ya tuƙa ba?"

Lantana ta taɓa kwanon. Da ɗumi. Kwanaki da juye tuwon, amma da ɗumi. Ta ɗalle shi, ya ja ƙara doguwa, har ta ji a haƙoranta. Zuciyarta ta ce mata wani abu. Kwaɗayi ya ce mata wani. Ta naɗe shi da tsumma, ta tura shi ƙasan kwando.

Ta kamo hanya rana na tsaka. Ku kuna zaton sai da dare ake gamo. A'a. Tsakar rana ma lokacinsu ne, sa'ad da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, kowa ya gudu ɗaki.

Hanyar ta bi ta tsohuwar marina. Ramukan rini ne birjik, an bar su tun zamanin kakanni, ciyawa ta rufe bakunansu. Ba tsuntsu. Ba iska. Sai ƙarar kwanuka a kanta, ƙwal, ƙwal.

Sai ga mace a tsaye a tsakiyar hanya. Gajeriya, da baƙin zane, ta ja lulluɓi har goshi.

Ba sallama. Ta ce, "Sauke kayan nan."

Lantana ta ce, "Ikon Allah. Ke ce sarkin hanya?"

"Akwai kwanona a ciki."

"Kwanonki? Da sunanki a jiki? Saya na yi a hannun magaji, ido na ganin ido."

"Ya sayar miki da abin da ba nasa ba."

"To ki je ku ƙare da shi. Kauce, rana na dukana."

Sai a lokacin Lantana ta lura. Bakin matar ne ke motsi, amma muryar ba daga can take fitowa ba. Daga samanta take fitowa. Daga cikin kwandon da ke kanta.

Ta dubi ƙasa. Rairayi ya yi zafin da zai gasa ƙwai, matar kuwa ba takalmi. Ƙafafunta a jiƙe suke, shuɗi, kamar yanzu ta fito daga ramin rini. Inda ta tsaya ƙasa ta yi laima.

Da wata ce, da ta zubar da kwandon ta ruga. Lantana kuwa, tsoro in ya kama ta faɗa yake zama.

Ta ce, "Ko daga ƙarƙashin ƙasa kika fito, ba a ƙwace mini kaya!"

Sai matar ta matsa gefe, a hankali.

Ta ce, "Wuce. Ku ci, mu ga mai ƙoshi."

Lantana ta wuce ba ta waiwaya ba.

A lokacin 'yarta Hassu tana gida, ta zo wankan jego da jaririnta. Kun san mai jego da ci. Da yamma Lantana ta tuƙa tuwo, ta yi kunun kanwa. Suka ci, suka side kwano. Suka dubi juna. Kamar ba su ci ba. Ta sake ɗora tukunya. Suka cinye. Cikin nan wayam, kamar ana zuba ruwa a kwando.

Washegari haka. Jibi haka. Abinci na wucewa ta maƙogwaro, ba ya isa ko'ina. Sai nonon Hassu ya fara ɗaukewa. Jariri ya kama, ya ja, ya saki, ya tsala kuka.

Hassu ta ce, "Iya, me kika shigo mana da shi gidan nan?"

"Rufe mini baki. Zafi ne."

"Zafi ne ke hana tuwo zama a ciki? Dubi yaron nan, Iya. Dubi wuyansa."

Lantana ta ƙi dubawa. Ta ce a ranta, in kwanon ya bar gidan, masifar ta bi shi. Ta wanke shi tas, ta ɗauka sai birni.

Alhaji Mati na ganinsa ya gyara zama. Ya ɗaga shi ga haske, ya shafa gindinsa, ya ce, "Kai, Lantana, wannan ya girmi kakata." Sannan ya ɗaga murfin.

Ƙamshin miya ya cika shagon. Miya mai zafi, da man shanu. Kwano kuwa wankakke, ba ko ɗigo.

Ya mayar da murfin.

Ya ce, "A ina kika same shi a ɗakin? A jere, ko a ƙasa?"

Ta kau da kai.

"Tambayarki nake yi!"

"A bayan ƙofa."

"A bayan ƙofa! Ke da kika tsufa a sana'ar nan? Abin da ke jere shi ne na mai ɗaki. Kwanon bayan ƙofa na maƙwabta ne, jira yake a mayar. Wa bai san wannan ba? Kin sani sarai, kika ƙi tambaya. Kuma don mugunta ni za ki kawo wa? Ɗauki abinki. Fita, fita, kada ki sake ki ajiye mini shi ko a dakali."

Ta fito tana zage-zage. Ta zagi Alhaji Mati, ta zagi Sallau, ta zagi awakin da suka ci tuwon. Ba ta bi ta gida ba. Da yunwarta da fushinta ta wuce marina, ta dire kwanon a tsakiyar hanya.

Ta ce, "Ga tsiyarki nan! Ki sakar mana ciki!"

Murfin ya motsa. Ƙwal.

Matar na tsaye. Lantana ba ta ga zuwanta ba. Matar ta sunkuya, ta ɗaga murfin, ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa.

Ta ce, "Wofi."

Muryar ta fito daga kwanon, daga ramuka, daga ƙarƙashin tafin ƙafar Lantana.

"Wofi kika kawo mini. Wace uwa ta raine ki? Tun Barmani na amarya muke ciyayya da ita. Na kai mata, ta kawo mini. Ba ta taɓa tambayata ko ni wace ce ba. Ba ta taɓa mayar mini da kwano haka nan ba. Ko a shekarar yunwa, da ba ta da komai, ɓarin goro ta sa a ciki. Ta mutu, ba wanda ya aiko mini. Kuka na jiyo ta katanga. Na tuƙa tuwon gaisuwa da hannuna na kai. Aka ba awaki."

Ƙasa ta yi sanyi. Ruwan shuɗi ya fara tsattsafowa daga rairayi, yana zagaye ƙafafun Lantana.

"Ku mutane. Kun iya ɗalle kwano ku ji tsaga. Ba ku iya tambayar na wa ne ba."

Ta tura kwanon da ƙafa har gaban Lantana. Sai babu ita.

Lantana ta ɗauki kwanon, ta kama hanyar gida.

Da ta isa gida ba ta ji kukan jariri ba. Ta tarar da Hassu a zaune ta rungume shi. Yana numfashi, amma ƙarfin kukan ya ƙare. Hassu ta bi ta da kallo kawai. Gara zagi da wannan kallon.

Da sassafe Lantana ta daka dawa da kanta. Ta tuƙa tuwo mai laushi, ba gudaji ko ɗaya. Ta kaɗa miyar kuka da daddawa, ta kwarara man shanun da ta ɓoye wa mai jego. Yunwa na murɗa mata hanji, ba ta lasa ba. Ta malmala a koren kwanon, ta rufe, ta ɗaure da sabon adiko. Ta yi wanka. Ta sa lulluɓin da take zuwa gaisuwa da shi.

Rana na tsaka ta isa marina. Wannan karon ta tuɓe takalmi. Ta yi sallama.

Shiru.

Ta sake yi.

Can aka amsa, ƙasa ƙasa. Matar na zaune a bakin wani rami, ta ba ta baya.

Lantana ta durƙusa ta ajiye kwanon. Ta yi niyyar ta ce a yafe mata, a tausaya wa jikanta. Da ta ga yadda matar ta zauna, kafaɗu a zube, sai wata magana ta fito mata.

Ta ce, "Baba, ya haƙuri? Ashe Inna Barmani lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta. Allah ya ba ki haƙurin rashinta."

Matar ba ta juyo ba. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, "Amin. Ke ce ta farko."

Wannan karon daga bakinta muryar ta fito. Muryar tsohuwa ce kawai, wadda ta sha kuka.

Ta ce, "Tafi. Kada ki waiwaya."

Tun daga zaure Lantana ta jiyo ƙarar haɗiya. Jariri ya kama nono yana zuƙa, Hassu na kuka tana dariya. Suka ɗumama ragowar tuwo, loma kaɗan suka ji cikinsu ya ɗauka. Lantana ta ce alhamdu lillahi, an rabu lafiya.

Ba a rabu ba.

Washegari da azahar ta fito za ta zubar da ruwa. Ga koren kwano a bakin ƙofarta. A rufe. Da ɗumi. Ga sawu a jiƙe, shuɗi, ya zo ya koma.

Ta tsaya a kansa tana huci. Ta ce, "Wato ni aka mayar Barmani." Ta yi tsaki mai ƙarfi. Sannan ta sunkuya ta ɗauka da hannu biyu, ta kai bayan ƙofa.

Habu, kana tambaya ko ta ci? Ta ci mana. Ba a ƙin abincin maƙwabci. Ta ce ba ta taɓa cin miya irin wannan ba, amma ba ta taɓa ba kowa ya ɗanɗana ba. Daga ranar har ta bar duniya, ko da zazzaɓi ko da ruwan sama, sai ta tuƙa ta kai marina. Tana tafe tana mita, tana dawowa tana mita. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya.

Ta ci gaba da dillancinta. Sai dai duk gidan da ta shiga, kafin ta ɗalle kofi, kafin ta duba gindin faranti, sai ta tsare mai gida da ido ta ce, "Na wa ne?" In ya yi inda-inda, ta zage shi tas ta fita.

Ramukan suna nan har yanzu. In an aike ku ƙauyen nan, ku bi ta titi ko da ya fi nisa. In kuwa dole sai ta marina, kada ɗayanku ya bi shi kaɗai, balle rana na tsaka. Tun da Lantana ta rasu ban ji an ce wani ya karɓi ciyayyar ba, kuma tsohuwar nan ta marina ba ta iya cin abinci ita kaɗai.

Ku tashi. Kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta.