Direban Sundus

Matan unguwar Al-Sih sun ce yaron kirki ne, sai dai ɗan marigayi Audi direba ne. Maza sun ce jam'i ba ya wuce shi, sai dai da igama, takardar zaman baƙi, yake zaune, ba ɗan ƙasa ba ne, duk da a Madina aka yanke cibiyarsa. Tsofaffin da yake gyara wa tabarau a wani shago a Al-Ranuna kuwa cewa suke hannunsa da albarka.

Amma babu mai kiransa Haisam.

Direban Sundus suke ce masa.

"Ki kalla! Wallahi sai kin kalla!"

Gwaggon Sundus, ƙanwar babanta da suke kira Amma Suhaila, ta kanga mata wayar a fuska. Ba sai ta kalla ba, ta haddace. Yaro ne ɗan shekara shida, tsaye jikin farar mota, yana murza gefen rigarsa.

"In na girma... zan zama direban Sundus."

Sai dariyar wani babban mutum daga bayan kyamara.

Dariyar babanta.

"Saif ne ya sake watsa shi," in ji Sundus. "Tun da ya ji Haisam ya nemi ganin Abuya."

"To ƙarya ɗana ya yi? Kowane gidan Takari ya ga wannan fim. A ce 'yar Duktur Bakri ta bar ɗan'uwanta ta auri wanda ya faɗa da bakinsa..."

"Halas, ya Amma!"

"Ba halas ba! Ubanki ya ce ba zai nemo miki izinin auren baƙo ba. Ya gama magana."

Sundus ta ja gyalenta ta fita. Har ta kai tsakar gida muryar yaron tana bin ta, don Amma ta sake kunnawa.

Lokacin da Bakri yake karatu a Ingila ya ga wani fim a talabijin da ya hana shi sukuni. An ɗebo yaran Turawa, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan ma'aikata, ana komawa wurinsu bayan 'yan shekaru a ga abin da suka zama. Da ya dawo gida ya sayi kyamara, ya tara nasa yaran: 'ya'yan Hausawan da kakanninsu suka zo Hajji suka zama 'yan ƙasa, da 'ya'yan waɗanda suka zo aiki daga baya. Ya sa 'yarsa. Ya sa Saif. Ya sa ɗan direbansa, wanda uwarsa Lauratu, mutuniyar Maraɗi, take musu girki.

Kullum maganarsa ɗaya ce: ka saurari yaro da kyau, ya riga ya gaya maka ƙarshensa.

Sundus ta ajiye motarta a ƙofar shagon. Haisam yana sunkuye yana ɗaure wa wani tsoho ƙafar tabarau. Bai ɗago ba sai da tsohon ya gwada, ya yi addu'a, ya fita.

"Kin yi kuka."

"Ban yi ba."

"To."

Haka yake. Zai ce to, ya jira, har sai ka gaji ka faɗa da kanka.

"Ka ga abin da Saif ya yi?"

"An turo mini. Har wani ya tambaye ni nawa zan kai shi filin jirgi." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Sundus, ina tunanin huruj, barin ƙasar gaba ɗaya. In koma Maraɗi."

"Maraɗin da ba ka taɓa gani ba?"

"Can dai babu wanda ya ga fim ɗin."

"Ni fa? Ya galbi, zuciyata, ni fa?"

Ya kau da kai, ya ɗauki ƙyalle yana goge gilashin da ba shi da datti.

"Abuya zai ɗauki sabon kashin fim ɗin ranar Asabar," ta ce. "Ka zo."

"Na daina shiga gabansa tun rasuwar Inna."

"Na sani. Ban taɓa tambayarka dalili ba. Ban taɓa tambayarka me ya sa namiji kamarka yake bin bas da tasi, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Na yi shiru don kai ma shiru kake mini. Amma in za ka tafi... kar ka tafi ka bar wancan yaron yana magana a madadinka."

Ya ajiye ƙyallen.

"Rabin raina," ya ce a hankali, "in na buɗe baki, babanki ne zai ji ciwo."

"Ka zo."

Ranar Asabar bayan la'asar, Duktur Bakri ya kafa kyamara a tsakar gida, daidai inda yake kafa ta tun suna yara. Gefe ɗakin direba ne, yanzu an cika shi da kwalayen dabinon gonar Badar. Saif ya gama nasa, ya yi bayanin otal ɗin babansa da harshen Larabci mai santsi, ya koma kusa da uwarsa yana shan gahawa.

Sai ga Haisam ya yi sallama.

"Ahlan!" in ji Saif. "Ina ka ajiye motar?"

Amma Suhaila ta rufe baki tana dariya. Bakri bai yi ba, sai dai idonsa ya yi haske irin na mai sana'ar da ya ga abin da ya daɗe yana nema.

"Zauna, ya waladi. Maganar aure dabam, wannan dabam. Ka gane?"

"Na gane, Ammu."

Jar fitilar kyamara ta kama.

"Kana yaro ka ce za ka zama direba. Yau ga ka kana gyaran tabarau. Me ya canja?"

"Ba haka na fara cewa ba."

"Na'am?"

"Ka tambaye ni me zan zama. Na ce mijin Sundus."

Kofin Amma Suhaila ya tsaya a hanya.

"Ka kashe kyamara," Haisam ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka ce, a'a, ba haka ake cewa ba, ka ce direba, kamar babanka. Na ƙi. Inna tana tsaye a ƙofar kicin, ta ce, Haisam, faɗi abin da Alhaji ya ce. Sai na faɗa. Ka yi dariya, ka ba ni alewa."

"Wasa ne na yara..." in ji Bakri.

"Ina bayan labule na ji ta," Sundus ta ce. Ta fito ta tsaya inda kyamara za ta gan ta. "Ni ma ina wurin, Abuya. Na tuna."

"Ki koma ciki."

"La. Ba zan koma ba."

Haisam bai dube ta ba. Ƙofar kicin yake kallo, kamar har yanzu akwai mai tsayuwa a wurin.

"A makaranta da sunan ake kirana. A masallaci ma. Sai na rantse ba zan taɓa koyon mota ba, don kar maganar ta tabbata. Baba ya yi ta fama da ni har ya rasu, na ƙi. Ina ganin na ci nasara."

Ya juyo ya dubi kyamarar.

"Ranar da numfashin Inna ya sarƙe, duk kuna Badar wajen yankan dabino. Lokacin alhazai ne, hanya a cushe, motar asibiti ta ce tana zuwa. Motarka tana nan, Ammu. Makulli yana rataye inda Baba yake rataye shi. Na ɗauko Inna na kwantar da ita a baya. Na shiga gaba na zauna..."

Ya dubi hannayensa.

"Ban san wanne ne birki ba."

Sundus ta toshe bakinta da gyale.

"Tana ce mini, ba komai, ɗana, ba komai. A kujerar bayan motarka ta cika. Ina riƙe da sitiyari."

Saif ya ajiye kofinsa a hankali. Amma Suhaila ta ce, "Inna lillahi..." ba ta iya ƙarasawa ba.

"An ce mini a asibiti ta rasu," Bakri ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

"Ni na ce a faɗa haka. Kwananta ne ya ƙare, ban ɗora wa kowa ba. Na zo ne kawai don kar in bar garin nan ba ka ji amsata ta farko ba. Har yau ita ce amsata."

Ya miƙe.

"Habibi, kar ka..." Sundus ta fara, ta manta a gaban wa take.

Bakri ya kai hannu zai kashe kyamarar. Hannun ya yi ta lalube, wannan maɓallin da ya danna tsawon rayuwarsu ya ɓace masa. Da ƙyar jar fitilar ta mutu.

"Tsaya."

Haisam ya tsaya.

Dattijon ya dubi 'yarsa, hawaye har haɓarta, ba ta sunkuyar da kai ba. Ya dubi ƙanwarsa, ta kau da ido. Da ya sake magana, ba Larabcinsa na jami'a ya yi ba. Hausar tsakar gida ce, wadda rabonsa da ita tun mutuwar uwarsa.

"Izinin... ni zan je in nema da ƙafata. Ka turo manyanka."

"Manyana suna maƙabartar Baƙi'a, Ammu. Su biyun."

Bakri ya dafa kujera. Ya zagayo daga bayan kyamarar, abin da bai taɓa yi ba in ana ɗauka, ya zo ya tsaya gaban saurayin. Sai a lokacin Sundus ta lura babanta ya fi Haisam gajarta.

Bakri ya ɗaga kai ya dube shi.

"Haisam," ya ce. "Ɗan Lauratu. Na cuce ka, na cuci uwarka. Don Allah ka yafe mini."