Auta da Mai Kiwon Ɓeraye

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin bincike na jami'a, wanda ya buɗe mata ƙofa yana rungume da kejin fararen ɓeraye. Ta ja da baya har jakarta ta faɗi. Ya ɗauko mata, ya ce kada ta ji tsoro, waɗannan sun fi wasu ɗaliban ladabi. Dogo ake ce masa, shi ke kula da dabbobin gwaji.

Aikin digirinta a kan ƙwan cikin mahaifar ɓera ne a kwanakinsa na farko, tun yana ƙwayar halitta ɗaya har ya rabu biyu, huɗu, takwas. A cikin kowace ƙwaya akwai siraran zaruruwa da ke riƙe ta kamar ƙashi a jiki. Su ke tsaga ta gida biyu, kuma in ƙwayoyin sun kai takwas, su ke jan su su manne da juna. Wannan mannewar Auta take bibiya.

Kullum da safe Dogo ke kawo mata ƙwan. Sannu a hankali ya fara tsayawa yana leƙa madubin ƙara girma, tana nuna masa zaruruwan da ta rina kore. Wata rana da azahar saƙonsa ya shigo:

"Likitar ƙwai, 'ya'yanki takwas sun haɗa kai? Nawa dai sun ci sun ƙoshi. Ke fa, kin ci?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa.

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Mama ta ce duk samarin duniya ta rasa wanda za ta kawo sai mai sharar keji, ga ɗan aminiyarta likita yana ta sintiri da mota. Auta ta sunkuyar da kai, ba ta dai taɓa fita zance wurin likitan ba.

Ana saura wata uku ta miƙa aikinta, ƙwayoyin suka daina mannewa. Farfesa ya ce in haka ta ci gaba, sai ta ƙara shekara. Wani abokin karatunta, wanda ya daɗe yana nemanta, ya raɗa mata cewa ƙwan tsofaffin ɓeraye Dogo ke ba ta. Ranta a ɓace, ta tsare Dogo gaban mutane ta ce sakacinsa ya kashe mata aiki.

Ya juya ya koma bakin aikinsa. Washegari ya kawo ƙwan kamar kullum, sai saƙo ya biyo baya:

"Ɓerayen lafiyarsu lau. Don Allah ki duba kwalbar ruwan da kike rainon ƙwan a ciki."

Ta duba. Ashe kwalbar maganin da ke sassauta zaruruwan ce ta liƙa wa takardar ruwan raino, ga rubutun hannunta ƙarara. Ta tashi ta same shi yana wanke kwanonin dabbobi.

"Gaban mutane na ci mutuncinka," ta ce, "gabansu zan ba ka haƙuri."

"Na yafe tun jiya, ƙanwata. Je ki canza ruwan."

Duk da haka sai da ta tara su ta faɗi gaskiya. Kwana uku bayan nan ƙwayoyin suka manne lumui.

Da yamma ta kwashe labarin ta faɗa wa Mama, ba ta rage laifinta ba. Mama ta ce ita da ta haife ta ma ba ta iya shanye zafin bakinta haka ba, a gaya wa Dogo Baba na son ganinsa.

Bayan ta karɓi sakamakonta aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Mama ta kira Dogo, ya durƙusa gabanta.

"Ga ta nan, ɗana, na ba ka amana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari."

Ya buɗe baki zai amsa, murya ta ƙi fita. Auta ce, daga cikin mayafi, ta ce amin a madadinsu su biyu.